Kama Da Wane Ba Ta Wane: Ba Kowane Tari Ne Tarin Fuka Ba

Ƴan uwa ƴan kasuwa, na Gaya da na Ƙonni, na Ɗan Isa da Madarunfa, na Matamaye da Magarya, tare da abokan cinikinmu na ƙetaren iyaka, tun daga Kamba da Illela har Jibiya da Maigatari. Yau za mu ɗan ajiye zancen farashin buhu da canjin naira da sefa, mu yi magana a kan tari, irin tarin nan da ke kama mutum ya ƙi sakinsa.

Babu wata kasuwa a bakin wannan iyaka da ba a san labarin ba. Mutum zai soma tari, a ce mura ce ko ƙurar hunturu. Wata guda ya wuce, biyu su wuce, ya rame har riga ta yi masa yawa, dare ya yi ya jiƙe da gumi, wata rana a ga jini a cikin kakinsa. Sai a kai shi asibiti a sa shi kan maganin tarin fuka na wata 6. Mafi yawa Allah kan ba su lafiya su koma rumfunansu. Wani kuwa zai shanye maganin tsaf, ya ji sauƙi, bayan shekara ɗaya ko biyu tarin ya dawo. A sake ba shi magani, a kuma zarge shi da cewa bai sha na farko bisa ƙa'ida ba. Ƴan uwa su koma wajen masu saiwoyi, wasu su ce ai sammu ne daga abokan gaba na kasuwa. Jari ya ƙare, a ƙarshe a yi zaman makoki ana cewa tarin fuka ne ya ƙi jin magani.

Ra'ayinmu a nan shi ne, wani kaso na waɗannan bayin Allah funfuna ce ta kama huhunsu, irin funfunar nan da muke gani a jikin hatsi da gyaɗa da albasa idan laima ta same su, ko kuma wasu danginta. Alamominta sak suke da na tarin fuka, likita komai ƙwarewarsa ba zai rarrabe su da ido ko da abin sauraren ƙirji ba. Ɗakin awo kaɗai ke iya raba gardama. Saboda haka lokaci ya yi da za mu daina sayen magani kafin awo, kuma mu buɗe baki mu nemi a kawo wannan awo kusa da kasuwanninmu.

Funfunar da muke kwana muna tashi da ita

Ta farko, wadda ta fi kusa da sana'armu, masana na kiranta Asfajilus. Tana rayuwa a cikin ƙasa, da juji, da harawa, da hatsin da aka ajiye bai gama bushewa ba. Duk wanda ya taɓa buɗe mangaza ko sito bayan damina, ya ji warin nan mai tsami, ya cusa hannu cikin buhu ya ji ya ɗauki zafi, to ya san gidanta, domin kuwa wannan funfuna tana jure zafin da zai kashe sauran danginta. Irinta ƙura ce mai laushi ƙwarai, sai an jera ƙwaya fiye da 20 kafin su kai kaurin gashi guda, shi ya sa take ratsa hanci ta gangara har can ƙasan huhu. Masana sun nuna cewa kowane mutum yakan shaƙi ɗaruruwanta a kowace rana ba tare da ya sani ba, jikin mai lafiya kuma yakan share su. Wanda ke juye buhunan da suka yi funfuna a cikin rufaffen ɗaki kuwa, abin da yake shaƙa ya wuce lissafi.

Inda matsalar take shi ne huhun da ya taɓa jin rauni. Tarin fuka ko an warke daga gare shi yakan bar kogo a cikin huhu. Idan ƙurar funfuna ta faɗa wannan kogo sai ta samu wurin zama mai ɗumi da danshi, ta yi ta yaɗo sannu a hankali, wani lokaci ta dunƙule kamar ƙaramin curin fura, tana cin naman da ke kewaye. Mutum ya koma tari, ya rame, ya riƙa kakin jini, kowa ya ce tsohon ciwon ne ya tashi. A shekarar 2017 aka buga sakamakon wani bincike da likitoci suka yi a Legas da Ilori, a kan majinyata 208 da ake yi wa maganin tarin fuka, waɗanda galibinsu ko dai ba a ga ƙwayar cutar a kakinsu ba ko kuma maganin ya ƙi yi musu aiki. Aka tarar kusan mutum 9 cikin kowane 100 suna ɗauke da wannan ciwo na funfuna. Mutanen da suka yi wannan bincike maƙwabtanmu ne, huhunmu kuma iri ɗaya ne da na majinyatansu.

Ta biyu ita ce Histofilasma, wadda ke zama a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana zuba a kai. Wannan ya shafi masu akurkin kaji, da masu fataucin takin kaji a cikin kamiyo, da duk wanda aka sa ya share tsohon ɗakin da jemagu suka mamaye rufinsa. A shekarar 1994 masu bincike a Najeriya suka ba da rahoton gano nau'inta na Afirka, da ransa, a cikin ƙasar da ta gauraya da kashin jemage a kogon Ogbunike da ke jihar Anambara. Ga mai ƙarfin jiki sau da yawa takan wuce kamar mura. Ga wanda garkuwar jikinsa ta faɗi kuwa takan bazu ko'ina, da zazzaɓi da tari da rama, har a rantse cewa tarin fuka ne.

Ta uku ita ce Numosistis, kuma tarihinta darasi ne a kan yadda kama ke yaudarar masana kansu. A 1909 wani likita a Burazil mai suna Karlos Shagas ya fara ganinta a madubin awo, ya ɗauka wani mataki ne na rayuwar ƙwayar wata cuta daban. Bayan yaƙin duniya na biyu aka gane ita ce ke kashe jarirai masu tamowa a gidajen marayu na Turai. A watan Yuni na 1981 aka ba da rahoton wasu samari 5 a birnin Los Anjalas na Amurka da ta kama huhunsu, wannan rahoto kuwa shi ne sanarwar farko ta cutar da daga baya aka kira Sida. Duk tsawon wannan lokaci ba a san cewa dangin funfuna ba ce sai a 1988. Ita ba a mangaza take ba, a huhun ɗan Adam take zama, kuma ta iska take wucewa daga wani zuwa wani. Galibinmu mun haɗu da ita tun muna yara ba ta yi mana komai ba. Waɗanda take kayarwa su ne masu Sida da ba sa shan magani, da jarirai masu tamowa, da masu shan magungunan da ke rage garkuwar jiki. Alamarta busasshen tari da haki, mutum ya kasa tafiya daga rumfa zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta.

Mai rai ce ko gawa?

To, ta yaya ɗakin awo ke gano waɗannan ƙwayoyi? Hanya ta farko ita ce a karɓi kaki, a shafa a gilashi, a zuba masa rini, a duba da madubi mai ƙara girma. Wannan hanya tana da araha, sai dai tana buƙatar ma'aikacin da idonsa ya saba, kuma idan ƙwayoyin kaɗan ne sai a rasa su.

Hanya ta biyu ita ce shuka, kuma duk mai cinikin iri zai gane ta nan take. Wanda zai sayi irin albasar Galmi ko na gyaɗa da yawa, idan mai hankali ne, yakan ɗebi kaɗan ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan ƴan kwanaki ya buɗe ya ƙirga waɗanda suka tsiro, domin a ido iri mai rai da matacce duk ɗaya suke. Haka ake yi a ɗakin awo. Ana shafa kakin a kan wani ɗan faranti mai murfi da aka zuba wa abincin da funfuna ke so, a ajiye shi a wuri mai ɗumi. Abin da ya tsiro, babu shakka yana da rai. Asfajilus takan fito cikin kwana 2 zuwa 3. Histofilasma kuwa tana iya ɗaukar mako 4 zuwa 6, alhali kuwa majinyacin da ciwo ya ci ƙarfinsa ba shi da waɗannan makonni.

Hanya ta uku ita ce wadda za mu kira awon tambari. Kowace halitta tana da wani rubutu na gado a cikin ƙwayoyin jikinta wanda ya raba ta da sauran halittu, kamar yadda tambarin kowane falke ya bambanta a jikin buhunansa. Akwai na'urar da ke neman wannan tambari a cikin kaki, ta yi ta ninka shi har ya kai yawan da za a iya gani. Irin wannan awo ne aka riƙa yi wa matafiya lokacin korona, kuma da shi na'urar GeneXpert ke gano tarin fuka cikin kamar awa 2, tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Awo ne mai kaifi da sauri, to amma fa yana da wata illa da ya kamata kowa ya sani. Buhu ko an juye shi, tambarin yana nan a jikinsa. Na'urar tana ganin tambarin ƙwaya mai rai, tana kuma ganin na wadda magani ya riga ya kashe. Shi ya sa mutumin da ya gama maganin tarin fuka ya warke, ana iya awonsa da wannan na'ura bayan watanni masu yawa ta nuna kamar cutar tana nan. Idan likita bai san cewa ya taɓa shan magani ba, sai a mayar da shi kan wasu watanni 6 na yaƙi da gawa, alhali mai ran da ke cinsa, wato funfunar da ta shiga kogon, ba wanda ya neme ta.

Ga Numosistis tambayar ta fi wuya, domin har yau ba a samu hanyar shuka ta a faranti ba kamar yadda ake shuka sauran. Ba ta tsirowa sai a cikin huhu. Ke nan babu jiƙaƙƙen tsumman da za a gwada ta da shi. Saboda haka tun farkon shekarun 2000 wasu masu bincike a Amurka suka fito da wata dabara. Ƙwaya mai rai kullum tana fitar da wasu gajerun saƙonni a cikin jikinta don gudanar da aikinta, waɗannan saƙonni kuma da zarar ta mutu sukan lalace da sauri, saɓanin tambarin gado mai daɗewa. Sai suka ƙera awon da ke neman saƙon maimakon tambarin. Toka tana nuna an taɓa hura wuta a murhu, ɗuminta ne ke nuna wutar ba ta mutu ba. Wannan awo har yanzu ya fi zama a hannun masu bincike, bai zama ruwan dare a asibitoci ba ko a ƙasashe masu arziki, amma tambayar da yake amsawa ita ce wadda kowane majinyaci ke da ikon yi wa likitansa: abin da kuka gani, mai rai ne ko saura ne?

Ba jikin majinyaci kaɗai ake awo ba, har wurin da yake zama. A 2010 masana a Faransa suka buga sakamakon awon iskar ɗakunan masu jinyar Numosistis, inda suka tarar da tambarinta a iska har tazarar mita 8 daga gadon majinyaci, tana raguwa gwargwadon nisa. Wannan ne ya ƙarfafa shawarar cewa kada a kwantar da mai wannan ciwo kusa da wanda garkuwarsa ta faɗi. Duk wanda ya san cunkoson ɗakunan jinya na ƙasashenmu ya san nauyin wannan magana. Ita kuwa Asfajilus awonta a muhalli ya fi sauƙi, ana iya buɗe farantin shuka a cikin mangaza na ɗan lokaci, a rufe, bayan kwana 3 a ga yawan abin da ya tsiro da kuma nau'insa. Ta irin wannan awo na ƙasa da iska ne masana a ƙasar Holan suka gano, cikin shekarun 2000, cewa wasu magungunan funfuna da ake fesa wa amfanin gona sun sa Asfajilus ta koyi jure maganin da ake ba mutane, saboda magungunan dangin juna ne. Mu da ke sayar da magungunan feshi a rumfunanmu, wasu ma ba takarda a jikinsu, ya kamata mu ji wannan.

Sai dai ganin Asfajilus a kaki shi kaɗai ba hujja ba ce, tun da kowa na shaƙarta. Likita yakan haɗa abu uku kafin ya yanke hukunci: ciwon da ya kai wata 3, hoton ƙirji da ya nuna kogo, da awon jini da ya nuna jiki ya daɗe yana faɗa da funfunar. Abin farin ciki shi ne wannan awon jini yanzu akwai shi a ɗan tsinke irin na awon zazzaɓin cizon sauro, ba ya buƙatar lantarki, yana ba da amsa cikin rabin awa. Histofilasma ma akwai awonta na fitsari da ke fitowa a rana ɗaya, maimakon jiran makonni.

Lissafin ɗan kasuwa

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ƙasashen da har yanzu ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa, ina su ina awon funfuna? Za su ce a fara da babba kafin ƙarami. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin asusun lafiya bai da yawa, kuma babu shakka tarin fuka ya fi waɗannan cututtuka yawa nesa ba kusa ba.

To amma bari mu yi lissafin da muka iya. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar da Najeriya, sai dai kyautar ga majinyaci take, wani ne ya biya. Duk wata 6 da aka ba wanda ba shi da cutar, an zubar da kuɗin da za a warkar da mai ita. A ɓangaren majinyaci kuwa, a ƙirga kuɗin mota zuwa karɓar magani, da kasuwannin da suka ci babu shi, da abokan cinikin da suka koma wajen wani, da ƙyamar da ake nuna wa iyalinsa, sannan a kwatanta da kuɗin tsinken awo guda. Ƙari a kan haka, maganin funfunar huhu da aka fi samu, wato itirakonazol, ba ya haɗuwa da rifamfisin, jan maganin nan na tarin fuka mai rina fitsari, domin rifamfisin yakan sa hanta ta ƙone shi kafin ya yi aiki. Ke nan dabarar nan ta "a ba shi duka biyun, wanda ya dace ya yi aiki" ba ta ci a nan. Dole sai an san wanne ne.

Duniya ma ta farga. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa itirakonazol cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Tsakanin 2019 da 2021 ta sa awon waɗannan cututtuka uku cikin jerin awon da ya wajaba a tanada. A watan Oktoba na 2022 kuma ta fitar da jerin nau'in funfuna 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam, Asfajilus na cikin 4 na sahun gaba. Ke nan abin da muke nema ba wani abin ƙawa ba ne, an riga an rubuta shi a takardun da ma'aikatun lafiyarmu ke aiki da su.

A nan wajibi ne mu yi gargaɗi da babbar murya. Kada wani ya karanta wannan rubutu ya ajiye maganin tarin fukarsa ya ce tasa funfuna ce. Wanda ya yi tari na mako 2 ya je a yi masa awon tarin fuka tukuna, wanda aka sa kan magani kuma ya shanye shi har ranar ƙarshe, domin yanke shi a tsakiya shi ke haifar da tarin da ba ya jin magani, ya kuma yaɗa wa iyalinsa. Maganarmu tana kan wanda awo bai nuna ƙwayar ba amma tarin ya ƙi tafiya, da wanda ya gama magani ciwon ya dawo. Haka kuma kada wani ya ruga wajen mai tallar magani a faranti ya nemi na funfuna, domin magani ne da ake sha aƙalla wata 6 ƙarƙashin kulawar likita, yana kuma iya taɓa hanta. A kan waɗannan farantai ne ma ake sayar da ƙwayoyin nan na sa ƙiba da na kashe ciwon gaɓoɓi, irin su dekzametazon, waɗanda yawan shansu ke rushe garkuwar jiki ya buɗe wa funfuna ƙofa. Ƴan uwanmu mata da ke shan su don kumatu su ciko, su san abin da suke saye.

Abin da muke nema

Ga hukumomin lafiya na ƙasashen biyu, kiranmu shi ne duk inda aka ajiye na'urar awon tarin fuka a garuruwan iyaka, a ajiye tsinken awon funfuna kusa da ita, a kuma horar da ma'aikata su riƙa tunawa da ita. A mayar da shi ƙa'ida cewa wanda ya taɓa shan maganin tarin fuka ya dawo da tari, ba za a sake ɗora shi kan magani ba sai an yi masa hoton ƙirji da awon jini. Awon da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti kuwa, a tsara hanyar aika kaki da jini zuwa manyan ɗakunan awo na Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ko na Sakkwato da Katsina da Kano. Motocin da ke kai albasa da wake waɗannan birane kullum suna kan hanya, ƙaramar kwalbar awo ba za ta gagara ba. A kuma tabbatar kotirimokzazol, wanda aka fi sani da Bactrim ko Septrin, bai yanke wa masu Sida ba, domin shi ne garkuwarsu daga Numosistis da wasu cututtuka da dama. Binciken da aka yi a Abijan, aka buga a 1999, ya nuna ya rage mace-mace da kusan rabi tsakanin masu Sida da ke jinyar tarin fuka.

Ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan hatsi, da na albasa, da na ƴan dako, ku ne hukuma ke saurara idan kun yi magana da murya ɗaya. Kun iya tafiya wajen magajin gari a kan harajin rumfa, kun iya zama da ƴan duwan a kan kuɗin fito, to ku sa zancen awo cikin buƙatunku. Mun ga yadda kaya suka yi ta ruɓewa a mangazu da cikin kamiyo lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kowa ya ƙirga asarar buhunansa. Yaran da aka sa suka juye ruɓaɓɓun kayan, suka share mangazun da tsintsiya cikin ƙura, babu wanda ya ƙirga abin da suka shaƙa. Ɗan dako ba shi da albashi balle asusun jinya, ƙirjinsa shi ne jarinsa, hakkinsa kuma yana wuyan mai kaya.

Akwai abin da kowannenmu zai iya yi tun daga gobe ba tare da jiran kowa ba. Kada a zuba hatsi a buhu sai ya bushe sosai. A gwada da busasshiyar kwalba: a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi. A ɗora buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a buɗe wa mangaza tagogi iska ta riƙa ratsawa. Kafin a share ɗakin da jemagu suka zauna ko akurkin kaji, a yayyafa ruwa ƙurar ta kwanta. Mai juye kayan da suka yi funfuna ya yi a fili, ya sa takunkumin hanci na ƙwarai mai kama fuska, domin bakin rawani ko ƙyalle ba ya tare ƙura mai wannan laushi. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, da mai Sida, da mai asma, kada a ba su wannan aiki ko kaɗan.

Sannan mu da rayuwarmu ke tsakanin ƙasashe biyu, yau asibitin Maraɗi gobe na Katsina, takardar wannan da Faransanci ta wancan da Ingilishi, mu riƙe katin magani da hoton ƙirji kamar yadda muke riƙe takardun kaya. Idan an je gaban likita a faɗa masa komai: an taɓa shan maganin tarin fuka, wace shekara, wata nawa, wace sana'a ake yi, da ko ana ɗauke da Sida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kalma ɗaya, kamar a ce "ni mai mangazar hatsi ne" ko "na gama magani bara", tana iya juya tunanin likita zuwa ga awon da ya dace.

Mu ƴan kasuwa ba ma biyan kuɗin buhu sai mun soka masa ƙarfe mun ga abin da ke ciki, ba ma karɓar takardar kuɗi sai mun ɗaga ta sama mun duba. Bai kamata a ce wajen lafiyarmu ne kaɗai muke saye a rufe ba. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, ya kuma sa albarka a kasuwanninmu, amin.